Tabon da ke Gefen Bakin Wuƙa

Duk wanda ya yi aure a garin Khorog da ke tsaunukan Pamir cikin shekara ashirin ɗin nan, hannun Nazarsho mai hoto ya bi ta kan fuskarsa. Ango mai sanƙo zai shiga shagonsa, ya fito a jikin bango da suma har goshi. Amarya mai ƙuraje ta fito sumul. Akwai wata tsohuwa da ta kawo hoton mijinta marigayi, ta ce a cire masa sigarin da ke bakinsa saboda jikoki. Nazarsho ya cire sigarin, ya kuma ƙara wa mutumin wani murmushi da ba a taɓa ganin ya yi ba yana raye. A wurinsa wannan ba ƙarya ba ce, kyautatawa ce, kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da hoto don ya cika kyau.

Mutum ɗaya ce wannan kyautatawa ba ta burge ta: Malama Gulbegim, wadda ta koyar da shi kimiyya a aji takwas, ta kuma kayar da shi har sau biyu. Yanzu ta haura saba'in. Tana zaune a wani ƙauye can sama a kwarin Gunt, tafiyar awa biyu a mota, kuma a kan soron gidanta akwai madubin hangen taurari, bututu mai kaurin turmi, wanda tsoffin ɗalibanta masu aiki a Rasha suka haɗa hannu suka saya mata da ta ajiye alli. Nazarsho ya yi furfura, har jika gare shi, amma in sunanta ya fito a wayarsa sai ya miƙe tsaye kafin ya amsa.

Aikinsu rabi da rabi ne. Ita ke ɗaukar hotunan sama, shi ke haɗawa. Abin da take nema ba ya fitowa a hoto ɗaya. Kyamara za ta buɗe ido minti biyar ta rufe, ta sake buɗewa, haka har ɗaruruwa. Kowane hoto shi kaɗai baƙi ne wuluk, sai 'yan ɗige-ɗige da yashi-yashi. Sai an ɗora su kan juna, tauraro daidai kan tauraro, sannan yashin ya cinye kansa, abin da ke na gaskiya ya taru ya yi ƙarfi. Kwamfutar Malama ta tsufa, idanunta ma ba sa jure zama gaban allo. Saboda haka duk wata direban ƙauyen kan ajiye wa Nazarsho ƙullin busassun 'ya'yan itacen tut, a tsakiyar tut ɗin kuma akwai filash mai ɗauke da hotunan.

Ba zai manta ranar da ya fara ba. Ya haɗa hotunan yadda ta koya masa ta waya, abu ya fito baƙi, ya ce lallai tsohuwa ta yi asarar barcinta. Ta ce ya ja hasken sama a hankali. Ya ja. Sai ga wani abu yana tasowa daga cikin duhun, naɗaɗɗe kamar faifai, tsakiyarsa ruwan zuma, hannayensa shuɗi-shuɗi suna murɗawa waje. Ta ce masa wannan hazon da yake gani rana ce kan rana, dubban miliyoyi, irin tamu da waɗanda suka fi ta, sun yi nisan da ido ba ya raba su. Nazarsho, da yake ganin ba abin da haske zai koya masa, ya zauna baki buɗe har shayinsa ya yi sanyi. Tsoro ne ya kama shi a ranar, irin tsoron da ba a son ya tafi.

Sun yi faifan taurari kusan goma tare. Daga nan Malama ta liƙe wa guda ɗaya ta ƙi saki. Masu wannan harka suna kiransa Bakin Wuƙa, don shi ta gefe muke kallonsa: siririn layin haske, da baƙin zare a tsakiya daga wannan baki zuwa wancan. A awa biyar ya riga ya yi kyan da za a rataye a bango. Ita kuwa ta kai shi ashirin, ta kai shi arba'in, bazara biyu cur, duk daren da ba wata ba gajimare. Kuma duk lokacin da ya aika mata da sakamako, tambayarta ɗaya ce.

"Ka ga wani abu?"

"Ba komai, Malama. Tsaf yake."

Sai ta ce to, ta kashe wayar.

Ga gaskiyar magana, Nazarsho yana ganin wani abu, kuma a zatonsa ya san mafarinsa. Hunturun da ya gabaci fara Bakin Wuƙa, Malama ta tafi Dushanbe, babban birnin ƙasar, maganin gwiwa, ta bar masa ajiyar bututun. Wata rana ya buɗe murfin don kawai ya leƙa, ya hangi ƙura a kan madubin da ke can ƙasa. Mutumin da ba ya iya ganin ɗigo a kuncin amarya ya ƙyale, ina zai iya barci da wannan? Ya samo tsumman da yake goge gilashin kyamara, ya ɗiga sifirit, ya zura hannu ya shara sau ɗaya. Da ya haska tocila sai ga 'yan siraran ƙarce, a lanƙwashe, daidai yadda hannunsa ya bi. Daga baya ya ji cewa irin wannan madubi azurfarsa a fuska take, ba a baya ba kamar na ɗaki, kuma ba a taɓa shi. Ya mayar da murfin ya ja bakinsa ya yi gum.

Sai ga tabo. Da awannin Bakin Wuƙa suka haura goma, in ya ja hasken har ƙarshe, wani dishi-dishi kan fito daga gefen layin ya lanƙwasa ya zagayo, kamar shatar da gindin kofi ke bari a tebur. Lanƙwasar ta yi masa kama da sharar hannunsa. Ya yi abin da ya fi iyawa: ya ɗebo baƙin sama daga gefe ya shafe wurin, ya yayyafa masa yashi kaɗan don kada ya yi santsin da zai tona asiri. Wata mai zuwa tabon ya dawo, ya fi na da fitowa. Ya sake shafewa. Tana ƙara awanni, tabo na ƙara ƙarfi, shi kuma yana ƙara gwaninta. A duk aikin da ya yi a rayuwarsa, ba inda ya zuba basira kamar wurin nan, kuma ba wanda ya fi jin kunyarsa.

Ƙarshen watan Agusta, ƙullin tut ya zo da takarda a ciki. Rubutun nan nata mai tsayuwa kamar soja. Ta ce wannan ne na ƙarshe, awa sittin da ɗaya ke nan. Abin da take nema bai zo ba. Ko dai sama ta hana ta, ko kuma ita ce hannunta da lissafinta suka tsufa ba ta sani ba, kuma ta fi zaton na biyun. Wani mai masaukin baƙi zai sayi bututun ya riƙa nuna wa 'yan yawon buɗe ido wata. Ranar Asabar za ta bi mota zuwa wurin 'yarta a Dushanbe, zama ba dawowa. Alhamis za ta biyo ta shago ta karɓi hoton.

Da safe matarsa Zebo ta ajiye masa kwanon shayi mai gishiri da man shanu. Ya gutsuttsura gurasa a ciki, ya zauna yana juyawa.

"Wai lafiya? Tun ɗazu kake jujjuya shi kamar mai neman allura."

Ya gaya mata komai, tun daga tsumman.

"Shekara biyu!" Ta dafe ƙirji. "Kai, amma cikinka da zurfi. Ni da ko farashin takalmi ba ka iya ɓoye min."

"Ni na ɓata mata madubin, Zebo. Shi ya sa abin nata bai fito ba. Ga ta can tana cewa ita ce ta tsufa."

"To ka je ka faɗa mata mana."

"Ba ki san ta ba."

"Ni? Ai ni ma ta koyar da ni. Bambancin dai ni na ci." Ta ja kwanon man shanu gefe. "Dube ka, kaka guda, kana rawar jiki don malamar aji takwas. Me za ta yi maka, ta sa ka tsaya a lungu?"

"Da ma lungun ne. Kallo ɗaya za ta yi min, shi ke nan na tashi daga mutum."

"In ka yi shiru kuma, tsohuwar nan ta je ta mutu a bene hawa na bakwai a Dushanbe tana ganin laifin kanta. Zaɓi wanda za ka iya kwana da shi. Sha shayinka, ya fara daskarewa."

Bai zaɓa ba. Ya je shago ya haɗa awa sittin da ɗaya, tabon ya fito ɓaro-ɓaro fiye da kullum, ya kwashe yini guda yana shafe shi. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Alhamis da hantsi Malama ta shigo tana dogara sanda, da farin mayafi da tsohuwar jakar da take zuwa aji da ita. Ya ja mata kujera gaban kwamfuta, ya sauke labule don hasken titi. Bakin Wuƙa ya cika allon, siriri, fes, a tsakiyar sama mai baƙi ɗaya tun daga wannan kusurwa har waccan. Ta sa tabarau. Ba layin hasken take kallo ba, ya lura. Gefensa take bi da ido, inda babu komai. Ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau," ta ce. "Buga min shi."

Ya saba jin muryar nan tana tsawa, tana ba'a, tana kiran sunan mutum har na bayan aji ya firgita. Bai taɓa jin ta a kwance haka ba. Tausayi ya kama shi, ya janye hannunsa daga kwamfutar.

"Malama, ina da magana."

"Ina ji."

"Hunturun da kika bar min bututun... na goge madubin."

Ta juyo a hankali. "Da me?"

"Da tsumma."

"Tsumma."

"Mai laushi ne, Malama, na gilashin..."

"Nazarsho ɗan Davlatbek, ka zura hannunka cikin bututuna ka goge min madubi da tsumma kamar mai wanke faranti?"

"Na yi, Malama. Ya ƙarce. Ni na ɓata miki aikin, ba ke ba ce. Hannunki lafiya lau yake. Tun daga lokacin ƙarcen ke fitowa a hoto, ni kuma ina gogewa don kada ki gani."

Ya sunkuyar da kai yana jiran saukar aradu. Da ya ɗago, ya ga fushin ya bar fuskarta, wani abu daban ya maye gurbinsa.

"Sake faɗa. Me ke fitowa a hoto?"

"Ƙarcen."

"Ƙarcen madubi ba ya fitowa a hoto, kai dai har yau! Madubi tara haske yake; in ya ƙarce, ɗan abin da zai tara ya ragu, shi ke nan. Na zana muku wannan a allo, kana can baya kana zanen fuskar Zebo." Ta kama hannun kujera. "Me kake gogewa?"

"Wani tabo ne a lanƙwashe..."

"Kana da na asalin?"

Ko a zamanin fim, mai hoton kirki ba ya yar da asali, kuma a nan dai Nazarsho mai hoton kirki ne. Ya buɗe haɗin awa sittin da ɗaya yadda ya fito, ba a taɓa shi ba.

"Ja hasken," ta ce. "A hankali. Ƙara. Kada ka ji tsoron yashi, ƙara."

Layin hasken ya ƙone ya yi fari fat. Sama ta tashi daga baƙi ta koma toka-toka. Sai ga shi yana fitowa, abokin gabarsa na shekara biyu: siririn hazo ya taso daga gefen faifan, ya miƙa can cikin duhu inda ba a zaton komai, ya lanƙwaso ya zagayo. Bai fi numfashi a jikin gilashi ƙarfi ba, amma ba mai cewa babu shi.

Malama ta buɗe jakarta, ta ciro wata takarda da ninki ya kusa raba ta huɗu. Hoto ne da ta yanko daga wata mujallar masana taurari: Bakin Wuƙa ne, baƙi a kan fari, da wani lanƙwasasshen zare a gefensa. Ta kara takardar a jikin allon, ta juya ta kaɗan har layi ya hau kan layi. Zaren takarda ya kwanta daidai kan tabon Nazarsho.

"Allah mai iko," ta ce can ƙasa.

"Malama, mene ne?"

"Taurari ne." Ta ɗora yatsa a kan zaren. "Wani ƙaramin tari ne, da can yana zaman kansa. Ya matso kusa da babban faifan nan, babban ya kama shi. Bai haɗiye shi lokaci ɗaya ba. Ya riƙa jan sa yana zagaye da shi, yana warware shi kamar zare daga ƙwarya, shekaru dubban miliyoyi. Wannan da kake gani sawunsa ne. Duk inda ya bi ya zubar da taurarinsa a hanya, suna nan har yanzu suna bin layin da ya bi."

Nazarsho ya matso da fuskarsa. Ya san kowace gaɓa ta abin nan fiye da fuskar 'ya'yansa. Ya san inda ya yi kauri, ya san inda ya tsinke ya sake kamawa, don sau nawa ya bi shi da linzamin kwamfuta. Amma yau ne ya fara ganinsa. Ya tuna yadda yake tsaki in ya fito, ya zauna a kan akwatin fitilu.

"Hasken nan," in ji Malama, ba ta ɗauke ido daga allon ba, "ya yi wajen shekara miliyan hamsin yana tafe. Ba abin da ya tare shi. Ya sami soron wata tsohuwa a Gunt, ya faɗa bututunta ɗigo-ɗigo. Kai kuma ka tsaya masa a bakin ƙofa da tsumma."

"Ki yafe min, Malama."

Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar hoton fasfo, ta ɗaga murya ta ce an tashi, muryar aji takwas sak, mutumin ya yi gaba.

"Me ya sa ba ki gaya min abin da kike nema ba?" ya tambaya. "Da kalma ɗaya kika faɗa..."

"Don na san hannunka." Ta juyo ta dube shi. "Mutumin da ke dasa wa ango suma. Na ce in na nuna maka takardar nan, wata mai zuwa za ka kawo min zaren, kyakkyawa, har da kwalliya, don ka faranta min. Ni kuma in mutu ban san ko na sama ne ko naka ba. Shi ya sa na ɓoye. Maƙaryaci na ɗauke ka, Nazarsho, gara in faɗa maka a fuska."

"Ai ba ki yi kuskure ba."

"Ban yi ba. Amma dubi yadda Allah ya juya abin. Da ka san ina so, da yau ko rantsuwa ka yi ba zan yarda da hoton nan ba. Sai ga shi mutumin da ya fi kowa iya ɓatar da abu a duk Pamir ya yi shekara biyu yana kashe shi, yana tashi. Wace shaida zan nema bayan wannan?" Ta ja hanci. "Duk da haka baɗi sai mun juya kyamarar mun sake ɗauka. In ya bi taurari bai bi kyamara ba, magana ta ƙare."

Baɗi. Nazarsho ya ji kalmar sarai, ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa, amma bai kuskura ya tambayi zancen Asabar ko na mai masaukin baƙi ba.

Ta sake juyawa ga allon. Da ta yi magana, muryar ta yi laushi.

"Abu ɗaya ne ba zan samu ba. Dare ɗari da wani abu na yi a soron nan cikin sanyi, ina jiran ranar da zai fara leƙowa. Ashe ya leƙo tun bara, kai kaɗai a duniya kana kallo yana girma, kana zaginsa."

"Na kowane wata yana nan, Malama. Ban yar da ko ɗaya ba."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ta jingina sandarta da bango, ta gyara zama.

"To sa sakata a ƙofar. Fara daga na farko, kuma kada ka yi sauri. Ka nuna min daidai inda ka fara ganinsa."